Injiniya Rufa'i da Tankin Kindirmo

Duk wanda ya taɓa zama a teburin mai shayi na Dawaki, ko da na rabin awa ne, ya san Rufa'i. In bai riƙe sunansa ba, to ya riƙe muryarsa. Babu abin da Rufa'i bai sani ba. In aka ɗauke wuta, ya san wayar da ta tsinke. In jirgi ya wuce ta sama, ya san matuƙin, har ya taɓa ba shi shawara.

Asalin injiniyancinsa kuwa ga shi. Shekara uku da suka wuce ya yi wa wani injiniya tuƙi na mako uku, suka je wani kamfanin madara a Kaduna inda ake gyaran wurin tace ruwan datti. Injiniyan yana ciki yana aiki, Rufa'i yana cikin mota yana ɓarar gyaɗa. Ya dawo Gombe da abu biyu: hular kwano ruwan ɗorawa da aka manta a bayan mota, da magana guda da ya tsinta ta taga, wai akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ke cinye dattin ruwa. Tun daga ranar, in ka kira shi Rufa'i gatsau ba ya waiwayowa, sai ka ce Injiniya.

To, Rufa'i yana da yaya, Hajiya Barira, a unguwar Federal Low-Cost. Mace ce mai zafin nema. Bayan rasuwar mijinta ta fara ɗaura yogot a leda tana sayarwa a kula guda, har Allah ya sa ta gina ɗaki biyu a bayan gidanta, ta sa firji da tukwane da mata huɗu masu aiki. Shekara goma sha ɗaya tana wannan fama. Sai dai inda ake dafa nono dole a yi wanke-wanke, kuma duk ruwan ɗaurayar tukwane da robobi, fari sol mai maiƙo, kwatar layi yake bi. Da safe ba laifi. Da rana ta take, sai layin ya ɗauki wani tsami da ke sa baƙo ya duba ƙasan takalminsa.

Maƙwabcinta Malam Mudathir, tsohon malamin makaranta mai ritaya, ya yi magana sau uku cikin mutunci, a na huɗu ya rubuta takarda. Ranar wata Litinin sai ga duba-gari, Madam Lois, doguwar mace marar yawan magana. Ta zagaya, ta leƙa kwata, ta buɗe jakarta ta fito da wani ƙaton kwaɗon kulle ƙofa ta ajiye a kan tebur. Ta ce ta ba Hajiya kwana ashirin da ɗaya. In ta dawo ta tarar ruwan nan yana fita yadda yake, wannan kwaɗon zai hau ƙofar ɗakin yogot.

Ba ta tafi haka kawai ba, baiwar Allah. Ta zana mata a takarda: a haƙa rami uku a jere. A na farko a kwashe maiƙon da ke tasowa. A na biyu a zuba ɗanyen kashin shanu, don a cikinsa ake samun halittun da ke cin irin wannan datti, a bar shi a buɗe yana shan iska. A na uku ruwan ya bi ta tsakuwa da yashi ya fita. Aikin da lebura biyu za su gama a kwana huɗu.

Hajiya Barira ba ta iya cin abinci ba ranar. Tana zaune da takardar a hannu sai ga Rufa'i ya shigo, kamar yadda ya saba shigowa duk lokacin da ya lissafa an sauke tukunya. Ya karɓi takardar, ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa, ya yi wata dariya ta tausayi.

"Kashin shanu, Yaya? A wannan zamani? Kina da injiniya a gida a ce a zuba miki kashi a bayan ɗaki?"

Ta ce ita dai kada a rufe mata wuri. Ya ce ta kwantar da hankalinta, wannan aikin da idonsa a rufe ya yi shi a Kaduna, wanda kusan gaskiya ne, don yawancin lokacin barci yake a mota. Ya ce ranar da Madam za ta dawo, shi da kansa zai tari ruwan da ya fito a kofi ya shanye a gaban jama'a. Hajiya ta san ƙaninta sarai. Amma mutum in tsoro ya kama shi, mai babbar murya yake bi. Ta miƙa masa aikin.

Kashegari aka sauke wani baƙin tankin roba a bayan gidan, tsayinsa ya fi mutum, mai murfi mai zare a ka da famfo a gindi. Rufa'i ya ce rami aikin ƙauye ne. Ya sa aka haɗa bututu, duk ruwan wanke-wanke ya koma cikin tanki. Kwata ta bushe. Malam Mudathir ya fito har ya yi masa sannu da aiki, abin da daga baya ya ce shi ne babban kuskuren da ya yi tun da ya bar koyarwa.

Saura halittun. A nan ne basirar Injiniya ta motsa. Ya tsaya yana kallon matan suna aiki, ya ga an dafa nono, an bar shi ya huce, an ɗebo ɗan tsohon kindirmo an zuba a matsayin iri, an rufe. Ya tambaya, aka ce ai irin ne ke cin nonon ya juya shi. Rufa'i ya buga cinya. Ga halittun da suka saba cin nono tun kaka da kakanni, 'yan gida masu tsafta, a bar su a je a ɗauko baƙi daga gindin saniya? Ya sa aka ɗebo bokiti uku na irin Hajiya mai kyau, ya hau tsani da hular kwano a ka, ya yi bisimilla ya juye.

Joda yana tsaye yana kallo. Joda dattijon Bafulatani ne da ke kawo wa Hajiya nono a jarkoki kowace safiya daga rugarsu ta hanyar Dadin Kowa. Ya gyara tsayuwar sandarsa ya ce, cikin ladabi, shi dai a saninsa iri ba ya cinye nono, kama shi yake yi ya yi kauri. Kashi kuwa in ana so, yana da shi fal, kyauta.

"Baffa," in ji Rufa'i daga saman tsani, "kai ka san saniya, ni na san kimiyya. Kowa ya tsaya a layinsa."

Joda ya ce to, Allah ya ba da sa'a, ya ɗaure jarkokinsa a babur.

Kwana huɗu tanki yana shan ranar Gombe. Ran na biyar Rufa'i ya tara matan aiki don su shaida, ya murɗa famfo. Shiru. Ya ƙara murɗawa. Famfon ya yi tari sau biyu, sannan ya tofo wani dunƙule fari ya faɗi ƙasa ɓat. Da ya hau ya buɗe murfi, sai da hular kwano ta kusa faɗawa ciki. Sama ya kama ya yi kauri kamar awara, ƙasa kuma wani ruwa ne kore-kore mai tsamin da ke shiga har haƙori. Halittun sun yi aikin da suka iya, ba su ci amanar kowa ba.

Ɗaya daga cikin matan ta ce ko a kawo fura. Rufa'i ya ce wannan shi ake kira mataki na farko, kuma duk wanda bai yi karatu ba zai ɗauka matsala ce.

Kafin la'asar kuliyoyin Low-Cost kaf sun ji labari. Suka jeru a kan katangar Malam Mudathir kamar masu jiran rabon kati. Ƙudaje kuwa ba a maganarsu. Hajiya ta fito ta tambaye shi ko a koma ga takardar Madam tun da sauran lokaci. Ya ce ta ba shi kwana uku, ya gano matsalar: halittun sun gaji ne, iska suke so. Wannan kam a takardar ya gani, amma bai ce a can ya gani ba.

Ya fara da fanka. Ya ɗauko fankar tsaye ta falon Hajiya ya ɗaure ta a bakin tanki. Fankar ta yi aikinta tsakani da Allah, ta kwashi warin ta kai shi kai tsaye tagar ɗakin Malam Mudathir. Malam ya fito da hanci a cikin hula ya ce a da warin yana bin ƙasa, mutum in ya hau gado yana tsira, yanzu kuwa an yi masa hanya ta sama. Rufa'i ya ce masa ci gaba dole ya zo da ɗan canji.

Da fanka ta gaza, sai ya je bakin titi ya ɗauko Aƙilu mai faci da injinsa na ba taya iska. Aƙilu ya ce shi bai taɓa ba tanki iska ba. Rufa'i ya ce shi ya sa har yanzu yake faci. Aka zura tiyo har ƙasan tanki, aka tayar da inji. Da farko sai gurnani daga ciki, kamar cikin wanda ya ci wake da yawa. Daga nan kaurin saman ya kumbura, ya tsage, ya yi tsalle. Ranar kuwa Malam Mudathir ya wanke fararen kayansa na Juma'a, ya shanya su reras a igiya, ga tsohuwar motarsa da yake gogewa kullum ko ba zai fita ba. Babu wanda ya tsira, har kuliya biyu.

Malam bai ɗaga murya ba. Ya zo bakin katanga, da ɗigon kindirmo a gilashin idonsa, ya ce shekara talatin da biyar yana koyarwa, ya ga daƙiƙai iri-iri, amma bai taɓa ganin wanda aka saya wa tanki ba. Rufa'i ya ce tarihi zai yi musu hukunci. Malam ya ce a bar tarihi ya huta, Madam Lois ma ta isa.

Kwana goma sha takwas suka tafi a haka. Hajiya ta rame. Duk wanda ya yi sallama sai gabanta ya faɗi, ta ɗauka kwaɗon ne ya iso. Joda ya ce ko yanzu aka haƙa ramin, Madam za ta ga an kama hanya, ta yi haƙuri. Hajiya ta yarda, har ta aika a kira lebura. Rufa'i ya tare su a ƙofa ya sallame su. Ya shiga ya dafa ƙirji ya ce wa yayarsa in ta bari aka haƙa ramin nan ta tozarta shi a idon duniya, shi da suka fito ciki ɗaya. Ya ce matsala guda ta rage, tsami, kuma ya samo maganinsa. Ta tambaye shi mene ne. Ya ce sirrin aiki ne. Wallahi da ta matsa ya faɗa, da labarin nan ya ƙare a nan, don babu macen da ta taɓa riƙe ludayi da ba ta san abin da zai biyo baya ba.

Maganin kanwa ce. Ya taɓa ganin matarsa tana jefa 'yar kanwa a miyar yakuwa don ta kashe tsami. Abin da bai tsaya ya gani ba shi ne yadda miyar ke tasowa da kumfa in kanwar ta shiga, don shi ba ya zuwa kicin sai an kusa kwashewa. Ya je kasuwa ya sayo buhu guda, ya kai inji aka niƙe ta lukui, ya ɓoye a bayan tanki.

Bai tsaya nan ba. Ya ga aiki irin wannan bai kamata a yi shi a ɓoye ba. Ya kafa rumfa, ya jera kujerun roba, ya gayyato mai unguwa da limamin layi da dukan 'yan teburin mai shayi na Dawaki, waɗanda suka cika Keke Napep uku, don an ce musu akwai yogot kyauta. Ya sa aka rubuta a kwali: SABUWAR FASAHAR INJINIYA RUFA'I. Ya aro kofin gilashi ya ɗora a faranti.

Ranar Litinin da hantsi, ana cewa ga motar Madam ta shawo kwana, ya zagaya baya da sauri ya hau tsani, ya zazzage buhun kanwar duka a cikin tanki. Ya mayar da murfi ya murɗe shi tam, har ya naɗe zaren da robar taya don kada wari ya fito ya ba shi kunya. Sannan ya ga ai babu mumbarin da ya fi saman tankin, kowa zai gan shi. Ya haye ya tsaya da ƙafa ɗaya a kan murfi, hannu a ƙugu.

Madam Lois ta zauna a gaba, jaka a cinya. Hajiya tana gefenta tana murza yatsu. Malam Mudathir ya ƙi zama, ya tsaya can nesa da lema a buɗe, alhali ko gajimare babu. Joda ya kalli tankin, ya kalli buhun da aka yar a ƙasa, ya tura babur ɗinsa har ƙarshen layi ya dawo ya tsaya kusa da Malam.

Rufa'i ya fara jawabi. Ya gode wa Allah, ya gode wa kansa. Ya ba da tarihin Kaduna, inda yanzu ya zama shi ne ya koya wa injiniyan aiki. Ya ce akwai masu tunanin zamanin da, waɗanda komai nasu kashi ne, bai kama suna ba. Yana cikin haka tanki ya fara wani kuka siriri. Ya ce jama'a su saurara, halittun ne ke aiki. 'Yan Dawaki suka tafa. Cikin tankin ya fara fitowa, ya yi tulu. Hajiya ta hango buhun, ta karanta abin da ke gaban idonta, ta miƙe tsaye.

"Rufa'i, me ka zuba a ciki?"

"Kanwa ce kawai, Yaya, don ta..."

"Kanwa! A cikin tsami? Ka rufe? Sauko, don ubanka, sauko!"

Matan aiki huɗu ba su jira ƙarshen maganar ba, sun riga sun kai ƙofar gida. Rufa'i ya ɗaga hannu zai kwantar da hankalin jama'a, sai murfin ya tashi. Aka ji tum, kamar tayar tirela ta fashe. Murfi ya yi gabas, ƙafar Injiniya ta yi sama, shi kuma ya sauko ta bayansa a kan rumfa, rumfa ta sauko a kan mai unguwa. Daga bakin tanki wani farin kumfa ya miƙe ya fi tsayin katanga, ya buɗe kamar lema, ya sauko a kan kowa. Tsamin kwana ashirin ne, ba a rage ko cokali ba. 'Yan Dawaki da aka yi wa alkawarin yogot sun samu, har a aljihu. Abin da ya rage ya bi ƙasa, ya nufi tsohuwar hanyarsa, ya cika kwata ya haura titi.

Ban da matan aiki da suka tsere, mutum biyu ne kawai suka fita fes, Malam da Joda, a ƙarƙashin lema guda.

Aka zaro Rufa'i daga cikin rumfa, fari fat tun daga hula har takalmi, ba abin da ya karye sai kofin aro. Ya tofar da abin da ke bakinsa, ya dubi Madam Lois, ya ce wannan ƙarfin da aka gani shaida ce cewa halittun suna da rai, mataki na uku ke nan, saura kaɗan.

Madam Lois ta share fuskarta da gefen gyale. Ta buɗe jaka, ta fito da kwaɗon, ta taka a hankali cikin kumfa har ƙofar ɗakin yogot. Ƙarar datsewarsa ba ta kai ta murfin ba, amma ita Hajiya Barira ta fi ji. Ta tsaya ta dafa ƙofar da tafin hannu. Shekara goma sha ɗaya ba a taɓa wayewar gari wannan ƙofa tana rufe ba, ko ranar sallah. Hawaye suka zubo mata, ba ta ɓoye ba, har 'yan Dawaki suka daina dariya. Madam ta ce mata a hankali takardar nan tana nan daram, ranar da ruwa ya fito garau daga rami na uku, ta aiko, ita da kanta za ta zo ta buɗe.

Hajiya ta juyo. Rufa'i ya buɗe baki zai kawo mataki na huɗu.

"Cire hular nan," in ji ta.

Ya cire. Ta karɓa ta juya ta, ta duba zurfinta, ta mayar masa a hannu kamar kwano.

"Gobe in an idar da asuba ka bi Baffa Joda ruga. Da wannan za ka riƙa ɗebo kashin kana cika buhu. Ɗanye nake so, mai ɗumi."

Haka kuwa aka yi. Mako shida ana ganin Injiniya a bayan babur ɗin Joda, ya rungume buhu, ƙudaje na yi masa rakiya tun daga hanyar Dadin Kowa har Low-Cost. Lebura suka haƙa rami uku a kwana huɗu, kamar yadda aka faɗa tun farko. A teburin mai shayi ya ce an tura shi binciken fili ne, kuma dama tsarin ramin nasa ne, Madam ta ɗan gyara rubutun kawai. Ba wanda ya musa, sai dai an daina zama kusa da shi.

Ranar da ruwa ya fito garau, Madam Lois ta zo ta cire kwaɗonta, matan aiki suka yi guɗa, Malam Mudathir ya shanya fararen kayansa. Hajiya ta roƙi Madam ta ba ta kwaɗon ta ƙara dubawa, ta aika kasuwa aka samo mata irinsa sak. Ta sa shi a ƙofar baya, wadda ke kaiwa wurin ramukan, ta ɗaure makullin a bakin zaninta.

Da yamma sai ga Rufa'i da wani zane a hannu, wai ya gano yadda za a samar da wutar lantarki daga rami na biyu. Ya tura ƙofar baya ya ji ta gam. Ya ce wa yayarsa ai an manta ba a ba shi makulli ba, ko ɓarayi ake tsoro?

"Ɓarawo bai taɓa rufe mini wuri ba," in ji Hajiya. "Zauna ka ci tuwo."